Diyya Ninki Biyu: Nazarin Wani Baƙin Fim da Waɗanda Suka Yi Shi

A cikin shekarar 1944 kamfanin Paramount na ƙasar Amurka ya fid da wani fim mai suna Double Indemnity, watau diyya ninki biyu. Hotonsa fari da baƙi ne, tsawonsa minti 107, labarinsa kuwa na wata mata ne wadda ta haɗa baki da wakilin kamfanin inshora suka kashe mijinta don su ci kuɗin diyyarsa. Malamin da ya ji wannan taƙaitawa yana iya cewa ba abin da zai kai irin wannan kaya gaban ɗaliban da a ke shiryawa su zama malaman makaranta. Maganar tana da nauyi, gama masu tace fina-finai na Amurka kansu sun tare wa labarin hanya har shekara takwas. Nufin wannan takarda shi ne ta bayyana waɗanda suka yi fim ɗin da irin karɓar da aka yi masa, sa'an nan ta gwada shi da Jiki Magayi, littafin da ya fito daga Zariya a zamani ɗaya da labarin da aka gina fim ɗin a kansa.

Asalin labarin

Tushen labarin shari'a ce ta gaske. A cikin 1927, a birnin New York, wata mata mai suna Ruth Snyder ta yi dabara aka yankar wa mijinta inshora irin wadda a ke ninka kuɗinta idan ajali ya zo ta hanyar haɗari. Daga nan ita da kwartonta, Judd Gray, suka kashe shi cikin dare. Ba su yi wani wayo ba, 'yan sanda suka gano su nan da nan, ko wannensu ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi, aka zartar musu da hukuncin kisa a kurkukun Sing Sing cikin watan Janairu 1928. James M. Cain, wanda ya ke aikin jarida a New York a lokacin, ya riƙe ƙashin bayan wannan al'amari ya ƙaga labari a kansa. Mujallar Liberty ta buga shi kashi takwas a 1936, ya fito cikin littafi a 1943.

Tun a 1935 kamfanonin Hollywood suka so su sayi labarin, amma Joseph Breen, shugaban ofishin da ke duba labarai kafin a mai da su fim, ya rubuta musu cewa bai dace da idon jama'a ba. Dokar da ya ke tsarewa ta hana a nuna zina kamar abin sha'awa, ta hana a koya wa masu kallo hanyar aikata laifi, ta kuma wajabta mai laifi ya ga sakamakon aikinsa. Kamfanoni suka janye. Sai a 1943 ya yarda, bayan an kai masa sabon tsari, tare da sharaɗin a rage waɗansu wurare. Wajibi ne mai nazari ya riƙe wannan, domin yawancin abin da a ke yabawa a fim ɗin ya samu ne wajen neman hanyar faɗin abin da doka ta hana a nuna.

Masu rubutu da mai ba da umarni

Billy Wilder shi ne darekta, watau mai ba da umarni. Bayahude ne, an haife shi a 1906 a wani gari da ke cikin ƙasar Poland ta yau, ya koyi sana'ar a Berlin, ya gudu a 1933 sa'ad da Hitila ya hau mulki, ya isa Amurka a 1934. Wannan shi ne fim na uku da ya ba da umarninsa a can. Abokin rubutunsa na kullum, Charles Brackett, ya ƙi sa hannu, ya ce labarin ya yi ƙazanta da yawa. Saboda haka aka ɗauko Raymond Chandler, marubucin labaran 'yan sandan ciki, wanda bai taɓa rubuta fim ba. Zaman nasu na wata huɗu ne ko kusa da haka, ba su kuwa ji daɗin juna ba, har Chandler ya kai ƙarar halayen Wilder a rubuce ga shugabannin kamfanin. Duk da haka aikin ya yi kyau, kuma a wurare biyu a ke ganin hannunsu sosai.

Na fari shi ne zance. Chandler ya lura maganganun da Cain ya sa a bakin mutanensa suna da daɗin karatu a takarda, amma ba su zauna a baki ba. Ya sake su da irin habaici da gugar zana waɗanda namiji da mace za su yi ta jifan juna da su, ko wanne ya gane nufin ɗan'uwansa ba tare da an ambaci kome da sunansa ba. Bahaushen da ya san zaurance da habaicin kishiyoyi ba zai rasa gane wannan fasaha ba.

Na biyu shi ne tsarin ba da labari. Fim ɗin ya fara da Walter Neff, wakilin inshora, ya shigo ofis cikin tsakar dare da harsashi a kafaɗa, ya zauna gaban na'urar ɗaukar magana ya fara shaida wa abokin aikinsa Barton Keyes abin da ya aikata. Kafin a yi minti goma mai kallo ya riga ya san wanda ya yi kisan, da dalilinsa, da cewa bai sami kuɗin ba bai kuma sami matar ba. Da ya ke an ba da ƙarshe tun farko, hankalin mai kallo ya bar tambayar wane ne, ya koma ga yadda mutum mai aikin yi da mutunci ya ke gangarawa mataki mataki.

'Yan wasa

Manyan 'yan wasa uku ne, ko wannensu kuwa sai da ya yi jinkiri kafin ya yarda. Barbara Stanwyck, wadda ta fito a matsayin Phyllis Dietrichson, ita ce macen da ta fi kowace mace albashi a Amurka a 1944, ta ji tsoron kada fitowa a matsayin mai kisan miji ta ɓata mata suna. Fred MacMurray ya saba da wasannin ban dariya marasa nauyi, an kuwa zo gare shi ne bayan waɗansu sun ƙi, ciki har da George Raft. Edward G. Robinson, wanda ya yi suna tun 1931 da fim ɗin Little Caesar, bai so a sa sunansa na uku ba.

Zaɓen MacMurray shi ne mafi hikima a cikin ukun. Fuskarsa ta mutumin kirki ce, mai fara'a irin ta dillali. Da an sa mai fuskar mugu, da mai kallo ya zauna lafiya yana kallon wani can daban. Neff ya shekara goma sha ɗaya yana sayar da inshora, ya san dukan dabarun da macuta ke yi, ya kuma faɗa da bakinsa cewa tun kafin ya ga matar ya kan kwanta yana tunanin yadda mai sanin sirrin gida zai cuci gidan ba a kama shi ba. Ashe matar ƙofa ta buɗe masa, sha'awar gwada wayonsa tana nan tun da.

Stanwyck ta yi wasanta da ɗan motsi ƙwarai. An sa mata gashin aro mai launin zinariya da sarƙa a idon sawu, Edith Head ce ta shirya tufafinta. Mutane da yawa sun soki gashin, sun ce kowa ya gani ya san ba nata ba ne, Wilder kuwa ya ce dama ƙaryar matar ya ke so a gani tun daga kanta. Gwanintarta ta fi bayyana a wurin kisan. Neff ya ɓuya a bayan mota, mijin yana gaba, ita tana tuƙi. Sa'ad da ya far masa, kyamara ba ta juya wajensu ba, ta tsaya a kan fuskarta tana kallon hanya, da wani abu kamar gamsuwa a gefen bakinta. Doka ce ta hana a nuna kisan, amma abin da aka nuna a madadinsa ya fi shi ban tsoro.

Robinson shi ne Keyes, mai binciken da'awar diyya, wanda ya shekara ashirin da shida yana aikin. Ya haddace ƙididdigar hanyoyin mutuwa kamar yadda alƙali ke haddace hukunce-hukunce, yana kuma da wani abu a cikinsa da ya ke kira ɗan ƙaramin mutum, wanda ke ƙulle masa ciki ya hana shi cin abinci duk sa'ad da aka kawo masa ƙarya. Shi ne ya rushe zaton shugaban kamfanin cewa mamacin kansa ya kashe. Shi ne kuma ya tambayi abin da ya sa mutumin da ya karye a ƙafa, yana da inshorar haɗari, bai nemi diyyar karayar ba, ya gane ke nan mamacin bai san da takardar ba. Ya gano kome daidai, sai mutum ɗaya ya ɓace masa, domin teburinsa na kusa da nasa, yana kuwa ƙaunarsa kamar ɗa.

Ƙananan 'yan wasa ba su kai waɗannan ba. Jean Heather, wadda ta fito a matsayin Lola 'yar mamacin, da Byron Barr, saurayinta Zachetti, an ajiye su ne don labari ya sami inda zai juya. Porter Hall ne kaɗai ya bar alama, shi ne fasinjan da ya tare Neff da hira a barandar taragon ƙarshe daidai lokacin da ya ke son dirowa daga jirgi.

Haske da inuwa

John F. Seitz ne ya ɗauki hoton, tsohon hannu tun zamanin fina-finan da ba su da magana. Ya rage fitilu har waɗansu wurare da ƙyar a ke ganin fuska, ya watsa garin alminiyam a iska don hasken taga ya fito kamar na ɗakin da ƙura ta kwanta. Tagogin gidan Phyllis suna da labule na siraran katakai jere, haske ya kan ratso ta tsakaninsu ya zana layi layi a jikin mutum. Duk wanda ya tashi a cikin birnin Zariya, a Ƙofar Jatau ko Ƙofar Kuyambana, ya san yadda hasken hantsi ke ratsa asabari ya kwanta a daɓen ɗaki. Seitz ya ɗauki wannan abu na yau da kullum ya aza shi a ƙirjin Neff tun ran da ya fara shiga gidan, sai ya zama kamar sandunan kurkuku, alhali kuwa bai riga ya yi laifin kome ba. Kiɗan Miklós Rózsa, mutumin Hungary, yana tafiya da nauyi kamar takun mai ɗauke da gawa, ya fara tun daga hoton farko na inuwar mutum mai dogara sanduna yana matsowa.

Karɓar da aka yi masa

Jama'a sun shiga kallo, kamfanin ya ci riba, gama abin da aka kashe bai kai dala miliyan ɗaya ba. Ra'ayin masu sharhi kuwa ya rabu. Alfred Hitchcock ya aika wa Wilder da yabo. Bosley Crowther na jaridar New York Times ya yarda da gwanintar, amma ya ga mutanen labarin ba su da ɗumin da zai sa a damu da su. Mawaƙiya Kate Smith ta roƙi jama'a su ƙaurace masa saboda tarbiyya. An sa shi takarar kyautar Oscar a fanni bakwai, bai ci ko ɗaya ba, kyautar fim mafi kyau ta tafi ga Going My Way, labarin wani limamin coci mai waƙa. MacMurray da Robinson ko sunansu ba a sa ba.

Sunan da a ke kiran irin wannan fim da shi daga Faransa ya zo. Yaƙin Duniya na Biyu ya hana fina-finan Amurka shiga can, sai a damina ta 1946 mutanen Paris suka ga guda biyar kusan a jere, ciki har da wannan da The Maltese Falcon da Laura. Wani mai sharhi, Nino Frank, ya kira su film noir, watau baƙin fim, saboda duhun hotonsu da na zukatan mutanensu. A 1955 Raymond Borde da Étienne Chaumeton suka rubuta littafi sukutum a kansu. A 1992 Amurka ta sa Double Indemnity cikin jerin fina-finan da hukuma ke adanawa.

A ƙasar Hausa silima ta shigo ta ƙofa biyu. Akwai majigi na hukuma, wanda a ke kafawa a fili a nuna wa talakawa tsabta da noma kyauta. Akwai kuma gidajen silima na 'yan kasuwa, galibi Kwarori, waɗanda aka fara ginawa a bayan ganuwa, kamar Rex ta Kano da aka buɗe a 1937. Mutanen birni sun daɗe suna ɗaukar wurin a matsayin matattarar 'yan iska, gobarar gidan El Duniya a Kano a 1951, wadda ta ci mutum 331, ta daɗa ƙarfafa wannan ra'ayi, kamar yadda Brian Larkin ya bayyana a bincikensa na 2008. Fim irin na Wilder, wanda rabin ƙarfinsa ke cikin habaicin Turanci, ba shi da makamin da zai yi gasa da fina-finan Indiya masu waƙa da rawa, waɗanda suka mamaye gidajen tun daga shekarun 1950. Amma fuskokin 'yan wasansa sun yi tafiya. A fim ɗin Jean Rouch na 1958, Moi, un noir, wani saurayi ɗan Nijar mai aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan ya laƙaba wa kansa sunan Edward G. Robinson. Saurayin nan shi ne Oumarou Ganda, wanda daga baya ya yi Cabascabo, fim fari da baƙi a kan tsohon soja da ya komo gida dukiyarsa ta ƙare, ya kuma ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1972.

Gwadawa da Jiki Magayi

Jiki Magayi yana cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933. John Tafida, mutumin Wusasa, da Rupert East ne suka rubuta shi. Ya bambanta da sauran huɗun, domin ba yawon duniya na ban dariya ko jaruntakar yaƙi ya sa a gaba ba. Attajiri ne marar haihuwa, Malam Shaihu, dukiyarsa ta rinjayi al'amari ya auri Zainab, wadda Abubakar ke so. Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, asirin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, Kyauta, ya zama ɓarawo, har ya kashe ubansa bai san shi ne ba. Sa'ad da ya tafi neman Abubakar don ya rama, maciji ya riga shi.

Labaran biyu sun haɗu a wurare da yawa. A duka biyu kuɗi ne ya shiga tsakanin aure, a duka biyu kuma ba kotu ce ta hukunta mai laifi ba. Karin maganar da aka sa wa littafin suna ma ta dace da fim ɗin. Cikin Keyes ne ke gaya masa an yi ƙarya kafin hankalinsa ya gano inda ta ke. Neff kuma, daren da ya gama aikinsa ba tare da kuskure ko ɗaya ba, ya fita tafiya a titi sai ya ji ba ya jin ƙarar takunsa, jikinsa ya shaida masa ya riga ya mutu.

Inda suka rabu shi ne hanyar da alhaki ke bi. A cikin littafin, asiri ne ke ɗauke da mugunta, maciji ne ke kawo sakamako, duka biyu daga waje su ke zuwa. A cikin fim ɗin ba abin da ya faɗo daga sama. Mutum biyu da suka yi kisa tare ba su iya rabuwa, ba su kuma iya amince wa juna, saboda haka ko wanne ya fara shirin kawar da ɗan'uwansa, har suka harbi juna a ɗakin da suka fara haɗuwa. Ta wajen gini, fim ɗin ya fi ƙarfi, gama ko wane mataki daga na bayansa ya fito. Ta wajen nisan kallo kuwa littafin ya fi, domin ya nuna ramuwa tana tsallake wanda aka nufa ta sauka kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya kuma bar wa Kyauta ƙofar tuba. Fim ɗin ya taɓa wannan ta wajen Lola, wadda ta rasa uwa da uba, amma bai tsaya a kanta ba.

Akwai kuma aibin da ya kamata a faɗa. Phyllis, wadda aka nuna ba ta da tausayi tun daga farko, har a ke zarginta da mutuwar uwar Lola, ta kasa sakin harsashi na biyu, ta ce a wannan minti ne so ya shige ta. Ba a shirya wa wannan juyi ƙasa ba ko kaɗan. An ba Neff minti ɗari ya bayyana kansa da bakinsa, ita kuwa ba a taɓa jin labarin daga wajenta ba, duk abin da aka sani game da ita daga bakin wanda ya harbe ta ya fito. Zainab ma haka ta ke, maza biyu ke ja a kanta, abin da ke ranta kaɗan aka faɗa. Malamin da zai koyar da ɗayansu ya kyautu ya nuna wa ɗalibai wannan giɓi.

Abin da malami zai ɗauka

Wilder ya ɗauki wani ƙarshe dabam, inda a ke kashe Neff a ɗakin iskar guba Keyes yana kallo, daga baya ya cire shi. Abin da ya bari ƙarami ne. Tun farkon fim Keyes ba ya samun ashana a aljihunsa, kullum Neff ne ke ƙyasta masa ya kunna tabarsa. A ƙarshe Neff ya faɗi a bakin ƙofar ofis, jini ya ƙare masa, ya kasa ƙyasta ashanar, sai Keyes ya durƙusa ya ƙyasta masa. Hukuncin da ke cikin idon amintaccen da aka ci amanarsa ya wadatar, ba a bukaci ɗakin kisa ba.

Wannan ya shafi masu rubutun Hausa kai tsaye. Tun da aka fara fina-finan bidiyo a Kano da Turmin Danya a 1990, aka kuma kafa hukumar tace fina-finai ta jihar a 2001, gardama ba ta ƙare ba a kan abin da ya halatta a nuna. Sau da yawa a kan cika sharaɗin tarbiyya da haɗarin mota ko hauka ko wa'azi a minti biyar na ƙarshe, waɗanda ba su da dangantaka da halin mai laifin. Double Indemnity ya yi aiki a ƙarƙashin doka mai tsanani, bai nuna tsiraici ba, bai nuna kisan mijin ba, ya kuwa sa mai kallo ya ga yadda laifi ke cin mai shi daga ciki. Don haka amsar malamin da aka ambata da fari ita ce fim ɗin ya cancanci shiga aji, in an haɗa shi da Jiki Magayi. Wurare uku sun isa darasi ɗaya: fuskar Phyllis a mota, da inda ta ɓuya a bayan ƙofa Keyes yana bayyana wa Neff zatonsa, da ashanar ƙarshe. Sa'an nan a sa ɗalibai su sake rubuta mutuwar Abubakar ba tare da maciji ba, su nemo sakamakonsa daga cikin halinsa da ayyukansa.